Iskar Da Na Bari A Cikin Motar Kawu

Duk wanda ya zauna aji ɗaya da ni ya san ina da son kalmomin aro. In dai aka zo kan yadda Bahaushe ya ɗauki kalmar Bature ya lanƙwasa ta har ta zauna masa a baki, to, hannuna ne farkon tashi sama. Na iya bayanin yadda aka sami lagireto da kafireto da salansa da sitiyari, na san inda aka saƙa wasali don a raba baƙaƙen da suka cunkushe, har takarda na taɓa rubutawa a kan haka, malam ya ba ni maki mai tsoka. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke gudana a cikin lagireton kansa, kuma wannan rashin sani ne ya kusa raba gidanmu da abin da muke ci da shi a watan Afrilu na 2025.

Mu mutanen Zuru ne. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direba ne, yana da wata Peugeot 406 da ya saya ta hannu, irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar nan ta Kaduna da ta fara aiki tun 1975. Da ita yake jigilar fasinja daga Zuru zuwa Koko da Jega, in kasuwa ta yi kyau ya zarce har Birnin Kebbi. Tun da mahaifinmu ya rasu, motar nan ce hatsinmu, ita ce kuɗin maganin Inna, ita ce kuma kuɗin rajistata a jami'a. In ta kwana biyu ba ta fita ba, tukunyar gidanmu ce ke fara faɗa.

Bayan ƙaramar Salla ina gida hutu, sai zazzaɓi ya kwantar da Kawu, a daidai lokacin kuma tiyon ƙasa na lagireto ya tsage, ruwa na ɗiga. Kawu ya riga ya sayo sabon tiyo, abin da ya rage kuɗin aiki ne wurin bakanike. Nan fa karambani ya motsa mini. Na ce a raina, mutum yana aji uku a jami'a, ɗaure tiyo ɗaya ya gagare shi? Na buɗe waya na kalli wani Bature yana yin aikin, ban ma bari ya kai ƙarshe ba don kuɗin intanet, na ɗauki filaya da sukundireba na shige ƙarƙashin mota. Ruwan ciki ya zube, na cire tsohon tiyo na sa sabo, na ɗaure tamau. Na ɗebo ruwa na tuttula har ya cika ya tumbatsa, na rufe murfi, na tayar da inji ya yi minti biyu, babu ko ɗigo. Sai na wanke hannu na shiga ɗaki ina hura hanci.

Kawu yana kwance ya ɗago kai ya ce, "Ka yi mata bilidin?"

To, ya kai mai karatu, a nan gizo ke saƙa. Ni dai na ji kalmar, na kuma gane ta aro ce, har na soma lissafin yadda aka saƙa mata wasali. Amma me ake nufi da ita a wurin ruwan mota, wallahi ban sani ba. Maimakon in ce, "Kawu, mene ne bilidin?" sai kunya da girman kai suka taru suka amsa a madadina. Na ce, "Na yi komai, Kawu." Ya ce, "Madalla, Allah ya yi maka albarka," ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Kwana biyu bayan haka ya sami sauƙi, ya ce in raka shi in zama yaron mota tun da jikinsa bai gama ƙwari ba. Lodi bai cika da wuri ba, sai bayan azahar muka bar tasha. Wanda ya san bazarar ƙasarmu ya san yadda take, zafi yana neman digiri 40, duwatsun da ke kewaye da gari suna mayar da shi kamar tanda. Fasinjojinmu akwai wani ɗan kasuwa mai yawan magana, da wata mata mai goyo za ta kai jaririnta asibiti, da samari biyu, sai wani tsoho siriri da ya zauna gaba ya rungume jakarsa, bai ce da kowa uffan ba in ban da sallama.

Mun wuce Dabai mun kama hanyar Mahuta ke nan, sai na ga Kawu yana yawan duban allon gabansa. Allurar zafi ta hau, ta sauko, ta sake hawa, sai ka ce mai rawar kalangu. Can sai ta miƙe ta nufi ja, jar fitila ta kama. Kawu ya gangara gefen hanya ya kashe mota a gindin wata kaɗanya. Da ya ɗaga murfin inji, sai muka ji ciki na ƙugi yana ɓalɓal kamar tukunyar talge.

Ba sai na tsaya dogon bayani a kan abin da ke zuciyar kowa ba. Shekarun nan babu mai son magariba ta riske shi a dajin ƙasar Zuru, kowa ya san dalili. Saboda haka nan da nan kowa ya zama bakanike. Ɗaya daga cikin samarin ya ce fambel ne ya tsinke. Ɗayan ya fito da ledojin fiya wata zai fasa a kan inji. Ɗan kasuwa kuwa ya ce shi ya san ciwon, tamostat ne, a cire shi a jefar, ai don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. Ni ma don kada a bar ni a baya, na naɗe hannu da tsumma na nufi murfin ruwa zan buɗe.

"Kai, ɗana! Ɗauke hannunka!"

Tsohon nan ne. Muryar da ta fito daga bakinsa ba ta yi kama da jikinsa ba. Ashe tsohon soja ne, Badakkare, ya yi shekaru yana gyaran motocin soja, har Laberiya ya je da rundunar ECOMOG a 1990. Wannan ba abin mamaki ba ne, don a Zuru da wuya ka ƙirga gida biyar ba ka sami wanda ya sa kaki ba. Ya ce da ni, "Ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, murfin nan ne kawai ya danne shi. Kana buɗewa zai taso maka a fuska, mu koma neman asibiti biyu." Ya dubi mai fiya wata ya ce ya mayar da ledojinsa, ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi farat ɗaya tsagewa yake yi. Ya ce kowa ya nemi inuwa, babu abin da za a yi sai inji ya huce.

Daga baya na bincika na tarar maganarsa haka take. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma in aka toshe shi aka matse, sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Aikin murfin ke nan, shi ya sa murfin da robarsa ta mutu shi kaɗai ya isa ya sa mota zafi.

Kusan awa guda muka yi muna jira, ɗan kasuwa na ta duban agogo yana tsaki. Shi kuwa Baba bai zauna ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba a rana, ya buɗe murfin mai ya shafa cikinsa da yatsa. Ya ce da Kawu, "Direba, da na ga mai ya koma kamar kunun gyaɗa, da na ce ka nemi mai janwe. Bai koma ba tukuna." Ya gaya wa saurayin nan cewa wannan mota ba ta da fambel irin na tsofaffin motoci, fankokinta na lantarki ne, famfon ruwanta kuwa bel ɗin taimin ne ke juya shi, da ya tsinke da inji ya mutu tun tuni. Sa'an nan ya bi tiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, ya shafa jikin lagireto sama da ƙasa, har hannunsa ya faɗa kan sabon tiyon nan mai ƙyalli. Ya tsaya. Ya ɗago ya ce, "Wa ya taɓa ruwan motar nan?"

Kawu ya nuna ni ya ce, "Ɗana ne, ɗan jami'a ne." Da alfahari ya faɗa, wannan ne ya fi ci mini rai.

Baba ya ce, "Madalla. Malam, da ka zuba ruwa, ta ina ka fitar da iska?"

Na yi tsuru-tsuru. Mutum shida suna kallona, har jaririn ma gani na yi kamar ni yake kallo. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko kilomita 30 bai kai ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ban fitar ba. Ban ma san ana fitarwa ba." Kawu bai ce komai ba, ya dai juya ya dubi daji. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Ya ce cikin inji ba randa ba ce da za ka zuba ruwa ta baki ya sauka ya cika ko'ina. Hanyoyi ne ƙanana masu lungu da saƙo, sun kewaye inda wuta ke ci, wasu sun hau sama wasu sun gangara. Sa'ad da ruwa ya zube, iska ta shiga ta gaje wurin. In ka tuttula sabon ruwa da gaggawa, sai ya toshe mata hanyar fita, ta taru a lungunan sama ta zauna. Kai kana ganin ruwa a baki ka ce ta cika, alhali kuwa kan inji, inda ya fi ko'ina zafi, a bushe yake. Ya ce, "Famfo ruwa ya iya turawa, in ya sami iska sai ya yi ta juyawa a banza. Abin da ke auna zafi shi ma a cikin ruwa aka ce ya zauna. In ruwa ya taɓa shi ya faɗi magana ɗaya, in tururi ya taɓa shi ya faɗi wata, shi ya sa allura ke rawa, fanka ma ta rasa lokacin tashi."

Sai ya nuna matar nan da ta ɗora jaririnta a kafaɗa tana bubbuga bayansa. Ya ce, "Ka ga abin da take yi? Ya sha nono ya haɗa da iska, in bai yi gyatsa ba, ba shi ba barci. To, motarku gyatsa take so."

Ni dai tun ran nan ban ƙara jin daɗin kalmar bilidin ba. Mu a Ƙungiyar Hausa mun sha kwana muna muhawara a kan ko Hausa za ta iya ɗaukar kimiyya, mu kafa kwamiti mu ƙirƙiro kalmomi masu tsawon igiya waɗanda ko mu da muka ƙirƙira ba mu amfani da su. Ga mutumin da Hausa ba ita ya fara ji a gidansu ba, da C'lela ya buɗe baki, ya warware mini aikin inji sarai a gindin kaɗanya, bai nemi ƙamus ba. Abin da na karanta daga baya lambobi kawai ya ƙara mini: cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man fetur zafi ne da ruwan nan zai kwashe ya kai lagireto, kuma kofin ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na kofin iska fiye da sau 3,000. Watau duk lungun da iska ta zauna, daidai yake da babu komai a wurin.

Da inji ya huce, Baba ya sa tsumma ya murɗa murfi kaɗan, ya bari ya yi huci ya gama, sa'an nan ya buɗe. Ruwan da na cika har baki ya yi ƙasa, ba a ko hango shi. Ya ce a ba shi gorar ruwa ta roba, babba. Ya yanke gindinta da wuƙa, ya naɗe bakinta da tsinken robar taya, ya kife ta a bakin wurin zuba ruwa ya cusa har ta zauna daram, ta zama kamar mazurari mai tsawo. Na tambaye shi amfanin haka, don yanzu na koyi tambaya. Ya ce a irin wannan mota bakin zuba ruwa bai fi lungunan sama na inji tsawo sosai ba, saboda haka sai an ɗaga ruwa ya fi su bisa, nauyinsa ya danna iska ta nemi hanya.

Hanyar kuwa masu motar sun riga sun tanada, ni ne ban sani ba. Ya nuna mini wani ɗan noti a jikin gidan tamostat, da wani ɗan murfi a kan tiyon da ya shiga cikin mota wajen hita, kamar murfin bawul ɗin taya. Sau nawa na ga abubuwan nan ban san don me aka yi su ba! Ya sassauta su, ya miƙo mini galan ɗin ruwan da Kawu ke ajiyewa a but, ya ce, "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Zuba a hankali, kamar kana zuba wa baƙo shayi. Kada ka bar gorar ta faɗi ƙasa da rabi."

Ina zubawa sai na ji ɗan notin nan yana tsiii, kamar taya ta taka ƙusa. Can ya soma tofar da ruwa haɗe da kumfa, fut, fut. Na ce, "Baba, ruwa ya fito, a ɗaure?" Ya ce, "Sauri ya haifi nawa. Bari sai ya zubo siriri, babu yankewa." Da ya zubo sumul ya ɗaure na ƙasa, muka jira na sama shi ma ya yi haka, ya rufe. Ruwan da motar ta shanye a wannan zubi ya ba ni tsoro, don ya nuna mini girman wurin da na bari fayau.

Ɗan kasuwa bai haƙura da maganar tamostat ba, ya sake tayar da ita. Baba ya ce masa tamostat mai gadin ƙofa ne, yana tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumin da ya dace, wajen digiri 80 da wani abu zuwa 90, sa'an nan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. In an cire shi inji ya daɗe bai ɗau ɗumi ba, ya riƙa shan mai yana cin jikinsa, ciwon da ya kawo zafin kuma yana nan an lulluɓe shi. Ya ce in ana zarginsa, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a ɗora a wuta, mai lafiya zai buɗe baki kafin ruwa ya tafasa. Ni a nawa ganin gaskiyarsa ce, ko da yake na san kanikawa da yawa a garinmu ba za su yarda ba, kuma wasunsu sun fi ni shekaru a kan aikin nesa ba kusa ba.

Sa'an nan ya ce Kawu ya tayar da mota, ya kuma kunna hita har ƙarshe. Hita a watan Afrilu! Samarin nan suka fashe da dariya, shi ne karo na farko da aka yi dariya tun da muka tsaya. Baba ya ce hita ɗan ƙaramin lagireto ne a cikin mota, in ya huro sanyi alhali inji na da zafi, to, ruwa bai kai can ba, akwai sauran iska. Ya sa Kawu ya ɗan taka totur ya riƙe, ya kira mu ni da shi ya rage murya. Ya ce, "Ku dubi gorar nan. Kumfa zai taso, wannan ba komai. In ya taso ya ƙare, kun tsira. In kuwa ya yi ta tasowa ba ya yankewa, to, ba iskar yaron nan ba ce kuma, hayaƙin inji ne ke shiga ruwa, gasket ya ƙone, wataƙila ma kan silinda ya lanƙwashe, don alminiyam ne, ba ya jure abin da baƙin ƙarfe ke jurewa."

Na san abin da wannan ke nufi ko ba a faɗa mini ba. Sauke kan silinda, kai shi Kwantagora ko Sakkwato a fere, sabon gasket, kuɗin aiki, mota a ajiye mako biyu ko uku. Kuɗin da Kawu ke tarawa a gwangwani don rajistata ba za su ma isa ba. Na tsuguna na ƙura wa gorar nan ido, ban taɓa duban littafi yadda na dube ta ba. Kumfa ya taso manya-manya, uku, huɗu. Ya tsaya. Ya sake tasowa. Ina jin Kawu yana salati a hankali. Can sai ruwan gora ya yi ƙasa gaba ɗaya, gulub, har na zabura. Baba ya ce, "Mai gadi ya buɗe ƙofa, ƙara ruwa." Ya kama tiyon sama ya ce ya ɗau zafi. Daga cikin mota matar nan ta ce, "Kai, direba, wannan abu zai gasa mu!" Baba ya yi murmushi. Ƙananan kumfa suka biyo baya, ɗaya, sai can wani ɗaya, daga nan ruwa ya kwanta lumui. Muka ƙirga minti biyar, ko ɗaya bai ƙara tasowa ba. Ya zagaya baya ya dubi salansa, babu farin hayaƙi.

Ya sa aka kashe, ya cire gora da tsumma, ya daidaita ruwa ya rufe murfi, aka sake tayarwa. Muka tsaya har fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan gudu ta tsaya, allura tana zaune a tsakiya ba ta motsi. Ya ce, "Bisimilla, ku shiga." La'asar ta yi sanyi sa'ad da muka wuce Mahuta, muka shiga Koko ana kiran magariba.

A hanya ya ƙara wa Kawu shawara, ya ce in ya sami hali ya zubar da ruwan rijiyar nan ya sa ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa, don ruwan rijiya yana barin dattin da ke kama cikin butar shayi, yana kuma kawo tsatsa ya toshe ƙananan hanyoyi. Ya ce amma a ɓoye shi daga yara da awaki, zaƙi gare shi kuma guba ne. Gobe da safe kuma, kafin a tayar, a sake duba ruwa, don sauran iska kan fito cikin dare. A Koko ya sauka. Kawu ya mayar masa da kuɗin motarsa, ya ƙi karɓa, suka yi ta ja, daga ƙarshe ya karɓi rabi.

A Jega muka kwana. Kawu bai tayar da maganar ba a daren nan, bai kuma gaya wa Inna ba da muka koma, ni na gaya mata da bakina. Da asuba bayan mun fito masallaci ya buɗe but ya ɗauko gorar nan mai yankakken gindi, ashe bai yar ba. Ya miƙo mini ita da galan, ya ɗaga murfin inji, ya koma gefe ya harɗe hannu. Ya ce, "To, Malam, nuna mini notin farko."